Buta, Takarda da Sabulu

Rabon aikin da Bahaushe ya yi wa hannuwansa, dama ga tuwo da musabaha, hagu ga tsarki, ya samo tushe ne daga kama ruwa, wato wanke najasa da ruwan buta bayan biyan buƙata, abin da malaman fiƙihu ke kira istinja'i. Tun da yake mutum biyar kan kewaye akushi ɗaya su ci da hannu, ba abin mamaki ba ne uwa ta buge hannun yaron da ya miƙa wa babba kuɗi da hagu, ko da kuwa bahago ne, wanda ke shan faɗa a kan halittar da ba shi ya zaɓa ba. Bature, da cokali ya raba hannunsa da abinci, ya dogara ga takardar goge bayan gida, wadda Joseph Gayetty ya fara sayarwa a Amurka a 1857, har ta kai a 2020, lokacin annobar korona, aka yi ta rububinta a kantunan Amurka da Ostareliya. Babu shakka ruwa ya fi takarda fitar da ƙazanta, Japan ma ta koma ga masai mai fesa ruwa, amma mai buta ba shi da bakin gori muddin zai fito daga bayi ya ɗauraye hannu ba sabulu, sannan ya bar wa na bayansa mariƙin butar a jiƙe. Ta irin wannan hanya ƙwayoyin kwalara da taifot ke yaɗuwa, saboda haka ya kamata kwamitocin masallatai da shugabannin tashoshin mota su riƙa ajiye sabulu kusa da butoci.