Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Magana Kan Iyayen 'Yan Aji Shida



Duk shekara idan damina ta kankama, shafukanmu sukan cika da hotunan yara sanye da farar riga duk an zane ta da alƙalami, iyaye na gefe suna murmushi, an yi anko, an kira mai hoto, an dafa shinkafa. Yaro ya gama sakandare. Muna taya murna, domin shekara shida ba kwana shida ba ce. Amma bayan wata uku ko huɗu sai hotunan su ɗauke, wani saƙo ya maye gurbinsu: "Don Allah wa ya san wani a jami'a?" Mu da muka ga hakan ya maimaitu a kan ƙannenmu da 'ya'yan yayyenmu, ra'ayinmu shi ne da yawa daga cikin yaran da ke zaman gida sun rasa gurbinsu ne tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa, ranar da aka cike musu fom babu wani babba a gidan da ya san abin da aka rubuta a ciki.

Yadda abin yake faruwa sananne ne. Farkon shekara ta yi, yaro ya ce an fara rajistar JAMB. Baba ya ƙirga kuɗi ya miƙa, Mama ta yi addu'a, yaro ya bi abokansa zuwa cibiyar rajista. A can, cikin layi da zafin rana, yake zaɓen kwas da makarantar da rayuwarsa za ta rataya a kai, wani lokaci da shawarar wanda ke bayansa a layi. A gida kuwa an ɗauka tunda an biya kuɗi an sauke nauyi.

Mu fara da takardu, domin nan ne kuskure ya fi arha gyarawa idan an farga da wuri. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma daga can ake ɗauko sunan yaro da ranar haihuwarsa. To a gidajenmu yaro ɗaya yakan zama Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a rajistar makaranta, a wani wurin kuma an liƙa masa sunan kakansa ko na garinsu. Idan abin da ke NIN ya saɓa da na WAEC ko NECO, ranar tantancewa ake gane an yi ɓarna, a shiga zaryar kotu da ofisoshi alhali ana ƙurewar lokaci. Uba ɗaya da zai zauna da daddare ya jera takardun ɗansa a kan tabarma ya duba harafi da harafi tun yaron yana aji biyar, ya huta da wannan wahala. Haka layin wayar da aka yi rajista da shi: ta nan saƙonnin hukumar suke zuwa, don haka bai dace a yi da layin maƙwabci ko na wani mai shago ba.

Sai darussa. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da aka nema ne yake tsara su. Mai neman likitanci zai ɗauki Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci zai ɗauki Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai neman aikin lauya yana buƙatar Adabin Turanci. Yaro zai iya cin maki mai yawa ya rasa gurbi saboda darasi ɗaya da bai dace ba. A gefen WAEC da NECO kuma ana neman kiredit biyar a darussan da suka shafi kwas ɗin, daga A1 zuwa C6, kuma D7 ba kiredit ba ce komai kusancinta. Wasu kwasa-kwasan suna karɓar sakamakon zama biyu, wasu jami'o'in kuma a manyan kwasa-kwasai sai na zama ɗaya. Duk wannan yana rubuce a kundin bayanan JAMB, kyauta, amma gidaje nawa ne aka taɓa buɗe shi?

Bayan jarrabawa ma aiki bai ƙare ba. Tun 2017 ta manhajar CAPS ake ba da gurbi. Sai an ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, sannan idan gurbi ya fito sai yaro ya shiga ya karɓa da kansa. Mun san gidan da aka ba yarinya gurbi, wa'adi ya wuce ba ta sani ba, domin ana zaune ana jiran wani ya kira. Wanda kuma ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, a tambaye shi ko zai fito a CAPS. Karatun da bai bi ta nan ba yakan dawo ya ciji yaro a ƙarshe, lokacin da ake tura sunaye bautar ƙasa.

Yanzu mu zo inda ya fi ciwo, wato zaɓen kwas. A gidajenmu da yawa kwas biyu ne kawai ake ganin mutuncinsu, likitanci da lauya. Yaro tun yana firamare ake kiransa Dakta. Iyaye ba su san cewa kowace makarantar koyon likitanci tana da ƙayyadadden adadin ɗaliban da hukumar likitoci ta yarje mata ta ɗauka ba, masu nema kuma sun ninka gurabun nesa ba kusa ba. Sai yaro ya nema bana bai samu ba, baɗi a ce ya sake, shekara ta uku zuciyarsa ta mutu, ya koma zaman majalisa. Idan yarinya ce, galibi a shekara ta biyu maganar karatu take mutuwa a gidan ba tare da kowa ya furta ba. Babu wanda ya zauna da su ya tambaya: wane darasi ne idan kana karanta shi ba ka jin wucewar lokaci?

Mun san abin da iyaye za su ce, kuma suna da hujja. Su suka ga jiya suka ga yau, su ke biyan kuɗin, kuma sun ga masu digiri suna yawo da takardu babu aiki. Ɗan shekara 17 bai san duniya ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a sakar masa ragama ba. Abin da muke cewa shi ne shawara tana buƙatar sani daga ɓangare biyu. Uban ya san rayuwa, yaron kuma ya san abin da kansa yake ɗauka. A ɗauko sakamakonsa na aji huɗu da aji biyar a duba. Idan shekara biyu yana rarrafe a Kemistiri, addu'a da tsawa ba za su mai da shi likita a wata uku ba. A je a ga malamin ajinsu. A kai shi wurin wani ɗan uwa da ke aikin da ake masa sha'awa, ya ji daga bakinsa.

Wasu kuma za su ce, ai iyayenmu da yawa ba su yi boko ba, ina za su gane CAPS? Wannan ma gaskiya ne, sai dai matambayi ba ya ɓata. Mahaifiyar da ba ta iya karanta Turanci ba za ta iya cewa, "Zo ka karanta mini abin da ka cike, ka fassara mini." Za ta iya tambayar abin da za a yi idan zaɓin farko bai samu ba. Wannan tambayar kaɗai tana buɗe ƙofofi. Akwai kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, akwai kwalejojin ilimi masu ba da NCE, akwai makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, waɗanda ƙauyukanmu ke matuƙar buƙatar waɗanda suka fito daga cikinsu. Akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Mu da muke son harshen nan kuma mun san akwai sashen harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake nazarin Hausa har digiri na uku, amma yaro ya ce can zai nema sai a yi masa kallon wanda ya rasa abin yi.

Kuɗi ma a yi maganarsa tun da wuri, a gaban yaron. Mun sha ganin gidan da aka kashe abin da ake da shi a anko da walima a watan Yuli, gurbi ya fito a ƙarshen shekara, kuɗin rajista ya gagara. Murna halal ce, amma a fara ware na tantancewa da na rajista da na masauki, abin da ya rage a dafa shinkafar da shi. Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ga masu karatu a manyan makarantun gwamnati. Bashi ne, don haka a san sharuɗɗansa kafin a shiga.

Abu na ƙarshe, kuma mu faɗa wa juna gaskiya: akwai iyayen da da hannunsu suke cire yaro daga makarantarsa a aji shida su kai shi inda ake rubuta amsa a allo. Ko da an tsira daga riƙe sakamako, yaron zai zauna gaban kwamfuta ranar JAMB shi kaɗai, sannan ya shiga aji ɗaya na jami'a da A1 a Lissafin da bai iya ba. Ya kuma koyi darasin da ya fi kowane zama a zuciya, cewa a wurin Baba takarda ta fi gaskiya daraja.

Mu da muke wannan zaure mun iya karatu, muna da waya da intanet, kuma kusan kowannenmu yana da ɗan aji shida a gidansu ko a maƙwabta. Kafin a buɗe rajista ta gaba, mu je mu gaida iyayensa, mu nemi a fito da takardunsa, mu zauna tare da su da yaron mu karanta musu sharuɗɗan da Hausa. Zaman awa ɗaya ne bayan sallar isha'i, kuma zai iya hana yaro zaman shekara biyu a gida.

Allah ya ba yaranmu sa'a. Sai mun ji ra'ayoyinku.