Gumin mai hoto ba ganima ba ne

A Bololo akwai satar da muka ƙi kiranta da sunanta. Mai hoto zai yini a tsaye ranar kamu da ɗaurin aure, ya kwana yana gyaran hotuna a kwamfuta. Kafin amarya ta tare, tela ya kwashe su daga Facebook, mai lalle ta goge tambarinsa, kowa na tallar sana'arsa da gumin wani da fuskar 'yar mutane.

In ya yi magana, sai mu ce mu 'yan tsiraru ne a Njamena, kai ɗan'uwa gaban alƙali tonon asiri ne. Wane irin zumunci ne wannan da kullum mai haƙƙi ake cewa ya haɗiye?

Dokar Chadi ta 2003 kan haƙƙin mallakar fasaha ta kare hoto, hukumar BUTDRA kuma don irin wannan aka kafa ta. Wanda ya kai ƙara bai ci amanarmu ba. In kotu muke gudu, dattawanmu su sa a biya, a sauke hoton, a nemi gafarar amarya. Sulhun da babu biya a cikinsa danniya ce ta sha rawani.