Ka San Iska Kafin Ka Zuba Iri a Ƙasa

Ya kai manomi, da kai malamin gona, duk shekara a Kafanchan, Kagoro, Kwoi da Kachia akan samu waɗanda ke gaggawar shuka da zarar ruwan farko ya sauka a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Bayan mako biyu sai sama ta washe, tsiro ya ƙone, a koma neman wani irin. Ra'ayinmu shi ne, akasarin wannan asara ana iya kauce mata idan aka fahimci iskar da ke kawo damina.

Yadda damina ke samuwa

Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kan ƙasarmu. Ta farko tana tasowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Ita ce iskar hunturu. Ta biyu tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, cike da laima. Masana na kiran irinta "monsun", daga kalmar Larabci "mausim", wato lokaci na shekara.

Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi. Idan bazara ta kama, rana na gasa hamada, iskar da ke kanta ta yi zafi ta tashi sama, sai iskar teku ta kwararo domin cike gurbin. Inda iskokin biyu suka haɗu akwai wata iyaka da ido ba ya gani. A watan Janairu tana kusa da gaɓar teku, daga nan ta riƙa hawa arewa har ta wuce Agadas a watan Agusta, sannan ta juyo.

A lura da kyau: ruwa mai dorewa ba ya sauka a kan iyakar kanta, sai ɗaruruwan kilomita a kudancinta, inda iska mai laima ta yi kauri. A farkon zuwanta kuwa, iyakar kan yi gaba ta dawo baya. Wannan ne sirrin ruwan farko. Hadari ne mai guguwa da tsawa da ke tasowa daga gabas, ya zubar da ruwa cikin sa'a guda ya wuce, alhali iskar damina ba ta riga ta zauna ba.

Rabon kudancin Kaduna

Iskar teku kan iso yankinku tun kafin ta kai Zariya ko Kano, kuma ta daɗe ba ta janye ba. Sannan duwatsun Kagoro da tsaunukan Jos na tare ta, su tilasta mata hawa sama, ta yi sanyi ta zubar da ruwanta. Shi ya sa damina kan kai wata shida zuwa bakwai a nan, har citta, doya, gwaza, acca da masara ke yin albarka. Amma tsawon damina ba tabbacin farkonta ba ne. Kuma ƙarfin iskar na sauyawa daga shekara zuwa shekara gwargwadon ɗumin teku, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka nuna wa Arewa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, duba iska kafin hadari. Idan ƙura ta kau, dare ya yi gumi, kuma iska ta yi kwanaki tana busowa daga kudu maso yamma, damina ta kusa zama. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Na biyu, auna ruwa. Masana aikin gona kan ɗauki damina ta kama idan an samu kimanin milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da tsayawar ruwa ta fiye da mako guda a bayansa ba. Inda babu ma'auni, tona ƙasa ka tabbata danshi ya wuce tsawon tafin hannu.

Na uku, nemi hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara. Aikin malamin gona ne ya kai shi ƙauye cikin harshen da manomi ke ji.

Na huɗu, mai citta ya rufe gonarsa da ciyawa ko ganye nan take bayan shuka, domin danshi ya zauna ko da ruwa ya tsaya. Tun bayan cutar da ta afka wa citta a 2023, iri mai lafiya ya zama dukiyar da ba a wasa da ita.

Na biyar, gyara magudanar ruwa kafin marka ta Yuli da Agusta, domin ruwan da ya kwanta na ruɓar da saiwa.

Za a ce mai saurin shuka shi ke riga kowa kai ɗanyar masara kasuwa, kuma gaskiya ne. Wanda ke son gwada sa'arsa ya shuka ɗan yanki, ya riƙe sauran irinsa har iska ta zauna. A yankin da damina ke kaiwa Oktoba, jinkirin kwana goma ba ya hana girbi, amma shuka sau biyu na cinye iri, kuɗin ƙwadago da ribar shekara.