Kafin Ka Ƙara wa Rimot Ƙarfi, Duba Eriyarka

Wannan makon wasiƙar wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare daga Kusada zan amsa. Ya ce shi da abokansa biyu sun haɗa ƙaramin jirgin sama da farar kumfar nan da ake naɗo firij a ciki, sun sayo rimot da inji da farfela a Kano, jirgi kuwa yana tashi lafiya. Matsalar ita ce da ya wuce ƙarshen filin ƙwallon makaranta sai ya daina jin magana. Ga tambayarsa: "Yaya, wace na'ura zan saya in ƙara wa rimot ɗina ƙarfi, har in tsaya a Kusada in tura jirgin Kankia?"

Ƙanena, sai da na yi murmushi, don shekara uku da suka wuce burin da ke raina ke nan, kuma na ji jiki a kansa.

Lokacin kaka ne, an yanke gero, dawa na tsaye. Na fita bayan gari a Kankia da jirgin da na yi wata bakwai ina tara kuɗinsa. Ya tashi, ya yi nisa, na ga ya fara gardama, sai na ɗaga rimot na nuna shi da kan eriya kamar mai auna tsuntsu da gwafa, wai don saƙon ya same shi sosai. Ya bi ta bayan wasu itatuwan darbejiya, shi ke nan. Na kaɗa dama, na kaɗa hagu, ko a jikinsa, inji na ta gudu har ya ɓace mini. Kwana biyu ina bin gonaki kafin wani yaro makiyayi ya kai ni inda ya faɗi. Taku kaɗan ne tsakaninsa da inda wasu mata ke sussukar gero. Asarar jirgin ta dame ni, amma abin da ya hana ni barci shi ne tunanin farfelar nan da ke juyawa da ƙarfi, da a ce fuskar wani yaro ta samu.

Da na duba gawar jirgin na tarar laifin duk nawa ne. Na naɗe wayar eriyar da ke cikinsa kamar igiyar guga, na manne ta a jikin batir da salatif don kada ta riƙa lilo. Rimot ɗina lafiyarsa ƙalau.

Bari mu fara da maganar ƙarfi, tunda ita ka tambaya. Saƙon rediyo bazuwa yake yi kamar hasken fitila. In nisa ya ninka sau biyu, abin da ke isa jirgi kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da yake samu a da. In ya ninka sau uku, ɗaya cikin tara. Mu ɗauka rimot ɗinka mai miliwat 100 ne, kamar yawancin waɗanda ake sayarwa, kuma yana kai mita 500. Don ya kai kilomita 1 sai miliwat 400. Don ya kai kilomita 2 sai miliwat 1,600. Ka ga kuɗi na tafiya, batir na ƙarewa da wuri, na'ura na zafi, ribar kuwa 'yar kaɗan. In kuma eriyar jirgin a naɗe take kamar tawa, ihu kake yi wa wanda ya toshe kunnensa.

Eriya tana da awo, kamar yadda tela ke da awo. Kun sha jin kakanninku na cewa suna kama BBC Hausa a kan mita 16 ko mita 19 a gajeren zango. Waɗannan mitoci tsawon zangon igiyar rediyon ne. Rimot na zamani yana aiki a kan gigahaz 2.4, wato igiyar na kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya. Saƙon na gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. In ka raba, tsawon zango ɗaya zai ba ka santimita 12.5. Ƙaramar eriya tana son rubu'in wannan, wato santimita 3.1 ko kusa da haka. Ku duba siririyar wayar da ta fito daga na'urar karɓar saƙo ta cikin jirgi, za ku ga ƙarshenta an fere shi, ya fi sauran siranta. Wannan ɗan guntun shi ne eriyar, sauran wayar hanya ce kawai ta kai saƙo ciki. In ya karye ko ya lanƙwashe, nisa ya ragu ƙwarai. Wanda kuma ya ɗauko dalma ya ƙara masa doguwar waya don ya fi ja, ya ɓata awon. Motocin wasan yara na da, masu megahaz 27, zangonsu ya kai mita 11, shi ya sa rimot ɗinsu ke da doguwar eriya irin ta rediyo.

Sai kuskurena na nuna jirgi da kan eriya. Ku ɗauki gammo ku zura sanda a tsakiyarsa. Haka saƙo ke fita daga eriya miƙaƙƙiya: yana da kauri a gefe-gefe, ta wajen tsinin kuwa rami ne. Ni da na auna jirgin da tsini, ramin na jefa shi. Gefen eriya ake ba jirgi. Ita ma ta cikin jirgin haka take, don haka in naka mai waya biyu ne, ka shimfiɗa su kamar harafin L, ɗaya ta kalli wani gefe, ɗaya wani, yadda duk juyin da jirgi ya yi ɗayarsu za ta ji. Ka nisanta su da batir da inji da duk wani ƙarfe, ka fito da ƙarshensu waje. Sanda ta alawa ko bututun biro da ya ƙare sun isa su riƙe maka su a miƙe, ba ka kashe ko sisi ba.

Darbejiyar nan ma da hannunta a ciki. Ruwa yana shanye igiyar gigahaz 2.4, kuma ganye ɗanye cike yake da ruwa, haka jikin mutum. Abokinka ya tsaya a gabanka yana kallo, ya rage maka saƙo. Katanga da rufin kwano da tudu duk suna tarewa. Sannan Wi-Fi da Bluetooth a wannan zango suke, saboda haka tsakiyar gari ya fi fili hayaniya a kunnen jirgi.

Akwai kuma ciwon da ake ɗora wa rimot alhali na batir ne. Na'urar karɓar saƙo tana son kimanin bolt 5. In batir ya yi sanyi, ƙananan injinan da ke kaɗa fiffike da jela suka ja wuta lokaci ɗaya, sai ta ɗauke na ɗan lokaci kamar waya ta mutu ta sake kunnuwa. Daƙiƙa biyu a sama kuwa ta isa jirgi ya ci ƙasa.

To, akwai na'urori masu dogon zango? Akwai. Tsarin da ake kira ExpressLRS, wanda ke amfani da fasahar LoRa, yana kai kilomitoci da dama da ƙaramin ƙarfi, domin kunnensa ne aka kaifafa. Amma a kula wajen saye. Waɗanda aka rubuta wa megahaz 915 don Amurka aka yi su, a nan kuwa wani ɓangare na wannan zango layukan wayar salula ne ke kansa, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ce ke raba shi. Ba na ba ɗalibi shawarar taɓa su.

Ko da ma ka samu mai kai kilomita 10, idonka fa? Jirgi mai faɗin fiffike mita 1, in ya kai mita 500, girmansa a idonka kamar milimita 1 ne a tsawon hannu, bai kai ƙwayar gero ba. Ba ka san ko zuwa yake ko tafiya ba. In hazo ya sauko a watan Disamba ko Janairu, tun kafin nan ya shige fari. A ganina iyakar jirgin ɗalibi ita ce inda idonsa ke bambance kai da jela, kuma kowane rimot mai lafiya na masu sha'awar jirage yana wuce wannan.

Jiragen da suka yi nisa da gaske ma ba dogon rimot ne ya kai su ba. A watan Agustan 2003 wani dattijo ɗan Amurka, Maynard Hill, mai shekara 77, wanda idonsa ya kusa mutuwa, ya ƙera jirgin da bai wuce kilo 5 ba, ya ƙetare Tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ayalan, sama da kilomita 3,000 cikin kusan awa 39. An tashe shi da rimot, wani mutum a can ya sauke shi da rimot, tsakani kuwa 'yar kwamfuta ce da GPS ke tuƙi. Jiragen kamfanin Zipline da suka fara kai magunguna asibitoci daga Pambegua a Jihar Kaduna a 2022 su ma da kansu suke bin hanyar da aka tsara musu. Wanda ke mafarkin Kusada zuwa Kankia, lissafi da rubuta manhaja zai riƙe da kyau, sai kuma takardar izini.

Maganar izini ba wasa ba ce. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Kun kuma san halin da jiharmu ke ciki. Baƙon abu ya bi ta saman ƙauye yana ƙugi, hankalin mutane zai tashi, kuma babu wanda zai tsaya tambayar ko na ɗan makaranta ne. Ku sa malamin kimiyya a gaba, shugaban makaranta ya sani, mai unguwa ya sani, ku tsaya a filin makaranta, ƙasa-ƙasa, nesa da taro da turakun wuta da wurin jami'an tsaro.

Abu ɗaya da ya fi ba ni haushi a labarina shi ne rimot ɗina yana da shirin ko-ta-kwana, ban taɓa saita shi ba. A jerin saiti za ku ga an rubuta Failsafe. A nan ake gaya wa jirgi abin da zai yi in saƙo ya yanke. Ku sa inji ya mutu. Da na yi haka, da nawa ya sulalo a gindin darbejiya.

Ga aikin Asabar, ƙanena na Kusada, kai da abokanka. Ku cire farfela tukuna. Ɗaya ya ɗora jirgin a kan benci, ɗaya ya ɗauki rimot yana tafiya yana kaɗa sandunan yana ƙirga taku, na uku ya lura da inda jela ta fara rawar sanyi. In rimot ɗin yana da saitin gwaji mai rage ƙarfi, taku 30 ba tare da gardama ba alama ce mai kyau. Ku juya jirgin gaba, baya, gefe da gefe, ku maimaita. Sannan ku miƙar da eriya yadda na faɗa, ku sake yi. Ku kashe rimot gaba ɗaya ku ga ko inji ya tsaya. Ku rubuto mini adadin taku na kafin gyara da na bayan gyara, zan buga su a wannan fili in Allah ya kai mu mako na sama.