Filashin Ɗan Kwangila

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya taɓa zama a ofis ranar da aka ce za a sabunta kwamfutoci ya san abin takaicin da nake nufi. Ɗan kwangila ya iso da yaransa, kowa da filashi rataye a wuya, suna bin tebur ɗaya bayan ɗaya suna ɗora babbar manhaja, wato Windows, akawu kuwa ya koma gindin bishiya yana hira har mako ya ƙare. Daga nan a kawo takardar kuɗi, kowace na'ura da farashinta. Wa ya duba ko manhajar ta halal ce ko ta sata? Wa ya san irin ƙwayar cutar da filashin nan ya kwaso daga shagon da ya kwana?

Alhali kuwa maganin wannan wahala ya girmi yawancinmu. Tun 1999 kamfanin Intel ya fitar da siga ta 2.1 ta ƙa'idar PXE. Da ita, kwamfuta ko babu komai a cikinta, da an kunna ta sai ta yi kira ta wayar sadarwar ofis, uwar garke ta ba ta adireshi ta hanyar DHCP, ta aiko mata ɗan fayil na tashi ta TFTP, sa'an nan ta jawo manhajar sukutum. Tambayoyin da yaran ɗan kwangila ke zaman amsawa, harshe da agogo da rabon faifai, sau ɗaya ake rubuta amsarsu cikin fayil. Red Hat na kiran nasa Kickstart, Debian kuma preseed. Ga manhajar FOG, kyauta take. Ma'aikaci guda ya isa ya tayar da ɗaki guda kafin azahar, kowace na'ura daidai da 'yar'uwarta.

Za su ce babu wuta. To, shi filashin da iska yake aiki? Wanda wutarsa ta awa uku ce ai shi ya fi kowa bukatar aikin da ke gamawa cikin awa uku. Za su ce za a kori ma'aikata. Ƙarya ce! Ma'aikacin gwamnati ba shi ke cin kuɗin nan ba, kuma shi ne za a koya wa riƙe uwar garke. Wanda zai yi asara shi ne mai lissafi kan kowane tebur, da wanda ke sa masa hannu a raba.

Maganar kuwa ba ta jira. Ran 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba, Windows 11 kuma ba ya karɓar na'urar da ba ta da TPM 2.0. Ku zuba ido, za a ce tsofaffin duk sun mutu, a rubuta kwangilar sababbi, alhali da yawansu Linux za ta hau su ta waya ɗaya su ci gaba da buga wasiƙa da lissafin albashi. Kafin a sa hannu kan wannan takarda, ƙungiyarmu ta nemi a ba ɗaliban sashen kwamfuta ɗaki ɗaya da rana ɗaya, a kira mai binciken kuɗi ya zo ya tsaya da agogonsa.