Hoto A Kan Karatu: A Ɓoye Ko A Cire?

Bismillahi.  Ga wata magana da ta kamata mu duba.

A yau mutum yakan kai katin memori wurin masu turi a kasuwa, a zuba masa karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi. In ya kunna a waya ko kwamfuta, sai hoto ya bayyana tare da muryar. Wani lokaci hoton mai karatun ne. Wani lokaci kuwa na wani mawaƙi ne, ko tallar wanda ya yi turin, alhali Suratul Baƙara ake karantawa. Jama'a, wannan bai dace da girman Littafin Allah ba.

Asalin abin daga ciniki yake. Tun wajen 1940 kamfanonin faifai na Amurka suka shiga ƙawata bangon faifan garmaho da zane, don jawo mai saye. Faifai ya wuce, kaset ya wuce, amma hoton bai tsaya a baya ba. A 1998 aka fito da wani tsari mai suna ID3v2, wanda ya ba da damar cusa hoto da sunan mai murya cikin fayil ɗin MP3 kansa.

To, wasu manhajojin saurare suna da wurin da za ka taɓa ka ɓoye hoton. Wannan ya yi kyau, amma labule ne kawai ka saki. Hoton yana nan ciki. Ran da ka tura wa maƙwabcinka karatun, da hotonsa zai tafi, ya bayyana a gaban iyalinsa.

Ba mu ce a jefar da karatu saboda hoto ba. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta sura mai inuwa, wadda aka sassaƙa, da wadda aka zana a shimfiɗe, ba su yi musu hukunci ɗaya ba. Maganarmu ta ladabi ce da amana. Wanda ya sayar da karatun wani malami da fuskar wani daban ya yi algus, ko da bai nufa ba.

Saboda haka nauyin yana kan masu turi, don daga hannunsu abin yake yaɗuwa. Akwai manhajoji irin su Mp3tag da suke cire hoto daga fayiloli masu yawa a lokaci guda. Gyaran yini ɗaya zai wadatar da masu saye na shekara.

Wani zai ce, ai da hoton ne wanda bai iya boko ba yake gane abin da ya kunna. Gaskiya ne, kuma ga magani: a rubuta sunan sura da na mai karatu da ajami, a ɗauki hoton rubutun, a sa shi a gurbin wancan. Duk wanda ya riƙe allo zai karanta.

Ku kuma masu saye, ku duba kafin ku biya, kamar yadda kuke duba mudu. Allah ya sa mu dace, amin. Haza wassalam.