Masallacin Badshahi: masu gyara ma sun cancanci yabo

A 1673 aka kammala Masallacin Badshahi na Lahore bisa umarnin Sarki Aurangzeb. Da jan dutse aka gina shi, da ƙubbobi uku na farin marmara da manyan hasumiyoyi huɗu. Duk da wannan ƙasaita, bayan Ranjit Singh ya ci birnin a 1799, harabarsa ta koma bargar dawaki. Turawan Ingila ma suka girke sojoji a ciki.

Ginin shekara biyu ya ɗauka, amma babban gyaran da aka fara a 1939 sai 1960 ya ƙare. A ganina, kafin mu jinjina wa sarkin, mu fara yaba wa magina da masassaƙan dutsen da suka farfaɗo da shi. Ba don su ba, da yau kufai za a riƙa nuna wa baƙi.